Yadda ake fatsar gashi don kamun tsage da giwar ruwa a ruwan Volta

Mafi yawanmu da muka taso a Nima da Mamobi da Madina a kan tire muka san kifin Volta, ko dai gasasshiyar karfasa ko kuwa kyafaffen kifin da mata ke saro wa daga kasuwannin bakin tafki, kuma idan aka ce fatsa, abin da ke faɗo mana a rai shi ne ƙugiya da tana da ɗan ƙarfen da ke jan zare zuwa ƙasa. Akwai wata hanyar dabam wadda ba a soka wa ƙugiya komai mai rai, sai dai a ɗaure mata gashin tsuntsu da zare har ta ɗauki kamar ɗan kifi, sa'an nan a jefa ta cikin ruwa a riƙa fizgarta da hannu domin babban kifi ya zaci wani ƙaramin kifi ne ke neman tsira. Ita nake kira fatsar gashi, ƙugiyar da aka yi wa wannan ado kuma ƙoton gashi. A Turai da Amurka an fara ta ne da kwaikwayon ƙwari don kama ƙananan kifayen rafi, amma kifayen da suka dame mu a nan, wato tsage da giwar ruwa, ba ruwansu da ƙwari, 'yan'uwansu kifaye suke ci, saboda haka kayanmu da dabarunmu sun fi nauyi nesa ba kusa ba.

Abin da ya kamata mai koyo ya fara ganewa shi ne inda nauyi yake. A fatsar da muka saba, ƙarfen da ke bakin zare shi ke jan zaren idan an wurga. A fatsar gashi ƙoton ba shi da nauyin kirki, don haka igiyar kanta aka yi wa kauri da nauyi, ita ake jefawa, ƙoton kuwa binta kawai yake yi a baya. Daga nan lambobin da ake rubutawa a jikin sanda da kwalin igiya suka samo asali, domin suna nuna nauyin mita 9 na farkon igiyar: lamba 8 tana da kimanin giram 14, lamba 10 kimanin giram 18, lamba 12 kuma ta kusa giram 25. Dole ne lambar sanda ta dace da ta igiya, in ba haka ba sandar ba za ta lanƙwasa yadda ya kamata ba, jifa kuma ya zama wahalar banza. Tsage na buƙatar lamba 8 ko 9, giwar ruwa kuma lamba 10 zuwa 12, tsawon sandar kuwa kusan ko da yaushe ƙafa 9 ne, wato mita 2.7. Wanda aljihunsa ba zai ɗauki sanda biyu ba, shawarata ya sayi lamba 9 ya fara da tsage, ya bar maganar giwar ruwa sai hannunsa ya faɗa. Irin waɗannan kaya sun yi wuya a kasuwanninmu, galibi sai ta intanet ko a sallahu wa ɗan'uwa mai dawowa daga Ingila ko Afirka ta Kudu, kuma idan za a yi sallahun, a haɗa da igiyar da aka yi don ƙasashe masu zafi, domin wadda aka yi don ruwan sanyi takan yi laushi ta riƙa danƙo da cukurkuɗewa a zafin ranar bakin Volta.

Kwarkwaron da ake naɗe igiya a kansa ya kasance mai birki mai santsi, wanda ke sakin igiya ba tare da fizga ba. Igiyar jifa ba ta wuce mita 27 zuwa 30, wanda babban kifi zai kwashe cikin 'yan daƙiƙoƙi, shi ya sa ake fara naɗa siririn zare mai ƙarfi na mita 200 ko fiye a ƙarƙashinta. Igiyar kuma iri-iri ce: akwai mai yawo a saman ruwa, akwai mai nutsewa a hankali, akwai mai nutsewa da sauri. A ruwan Volta mai nutsewa ta fi amfani, kuma a jikin kwalinta ana rubuta inci nawa take nutsewa a daƙiƙa ɗaya. Wadda aka rubuta wa inci 6, alal misali, tana sauka kimanin santimita 15 a daƙiƙa, saboda haka wanda ke son ƙotonsa ya kai zurfin mita 3 sai ya ƙirga ashirin a zuciyarsa kafin ya fara ja. Wannan ƙirga ba ƙaramin abu ba ne, domin idan kifi ya kama a ƙirga na goma sha biyar, to, an gano zurfin da suke a ranar, sai a yi ta maimaitawa.

Tsakanin igiya da ƙoto ana ƙulla nailan mai tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma a nan ne kifayen biyu suka sha bamban. Tsage yana da haƙora dogaye masu kaifi da ke shiga tsakanin juna kamar almakashi, waɗanda ake gani ko bakinsa a rufe yake, kuma nailan komai kaurinsa ba ya jure musu, don haka sai an sa siririyar waya mai tsawon yatsa ɗaya zuwa taƙi a gaban ƙoton. Giwar ruwa ba ta da irin waɗannan haƙora, amma bakinta yana da kaushi kamar sanfefa, murfin da ke gefen kanta kuma yana da kaifi da ƙayoyi, saboda haka ita nailan mai kauri ake sa mata, mai ɗaukar kilo 30 zuwa 40. A duk lokacin da kifi ya kawo sara, ko an kama shi ko ya kuɓuce, a bi wayar da nailan ɗin da yatsa, idan an ji lanƙwasa ko kaushi a yanke a sake ƙullawa, domin wurin nan ne zai tsinke ranar da babban ya zo.

Ƙoton gashi shi ne abin da ɗan Akra zai iya haɗawa da hannunsa, kuma ban ga dalilin kashe daloli a kansa ba. Samfura biyu ne suka fi shahara a duniya wajen kifaye masu farauta, dukansu daga Amurka. Na farko Lefty Kreh ne ya ƙirƙiro shi, ana ɗaure dogayen gashin zakara a bayan ƙugiya su zama wutsiya, a lulluɓe gaba da gashi mai tauri domin kada wutsiyar ta naɗe ƙugiya yayin jifa. Na biyu na Bob Clouser ne, wanda ya fito da shi a 1987 a kogin Susquehanna, kuma sirrinsa idanu biyu ne na ƙarfe da ake ɗaurewa kusa da kai, waɗanda ke sa ƙoton ya riƙa sunkuyawa yana ɗagowa kamar kifin da ya ji rauni, su kuma juyar da tsinin ƙugiya sama ta yadda ba ta cika maƙalewa a itace ba. Ni gashin wuyan zakara a wurin masu fige kaji na kasuwar Nima nake samu, in wanke shi da sabulu in shanya a inuwa, gashin roba irin na kitso kuma a Makola, baƙi da fari da ja da mai ƙyalli. Idanun ƙarfen kuwa daga sarƙar nan mai ƙwallaye da ake rataye murfin kwamin wanka nake yanko ƙwallo biyu-biyu. Zaren teloli mai ƙarfi da ɗigon gam sun isa ɗauri. Abu ɗaya da ba a yi masa araha shi ne ƙugiyar kanta: mai lamba 2/0 ko 3/0 ga tsage, 6/0 zuwa sama ga giwar ruwa, mai ƙarfin da ba za ta miƙe ba, mai tsinin da idan aka ja shi a kan farcen babban yatsa zai kafe maimakon ya zame. Girman ƙoton tsage kamar tsawon yatsa ne, domin abincinsa a tafkin ya haɗa da 'yan mitsi-mitsin kifayen nan masu ƙyalli da ake soyawa a sayar a Atimpoku da Kpong, na giwar ruwa kuwa yakan kai taƙi guda, kuma baƙi ya fi aiki da duhu, domin kifin daga ƙasa yake hango inuwarsa.

Jifa ba a bakin ruwa ake koyonsa ba. Wanda ya biya kuɗin mota da na kwalekwale sa'an nan ya tsaya koyon jifa, ya yi asarar yininsa. A nemi filin ƙwallo mai ciyawa da sassafe kafin yara su fito, a ɗaura ɗan ƙyalle a bakin nailan a madadin ƙugiya, a warware igiya kamar mita 9 a shimfiɗe ta a gaba. Sai a ɗaga sanda a hankali, a ƙara sauri, a tsayar da ita cak idan ta ɗan gota kunne, a dakata har igiyar ta miƙe sarai a baya, sa'an nan a turo ta gaba da irin wannan saurin a sake tsayarwa cak daidai tsayin goshi. Tsayarwar nan ita ce jifan, domin ita ke sa sandar da ta lanƙwashe ta miƙe ta harba igiya. Kurakurai biyu ne ke damun kowane sabon shiga. Ɗaya shi ne karya wuyan hannu har sanda ta kwanta a baya, igiya ta daki ƙasa. Ɗayan shi ne gaggawa, wato turo sanda gaba tun igiya ba ta gama miƙewa ba, kuma alamarsa ita ce ƙara irin ta bulala, wadda a ruwa ke nufin ƙoto ya tsinke ya tafi. Idan wannan ya zauna, sai a koyi sa hannun hagu, wanda ke fizgar igiya ƙasa kaɗan a lokacin da sanda ke tafiya baya, ya mayar, ya sake fizga lokacin da take tafiya gaba. Wannan fizga biyu ita ke ba igiya gudun da za ta ɗauki babban ƙoto ta keta iska. Wanda zai iya sauke ƙyallensa cikin faifan tabarma daga nisan mita 15, sau bakwai cikin goma, ya isa ya nufi ruwa. Tabarau da hula kuwa wajibi ne tun daga ranar farko, domin ƙugiya mai idon ƙarfe da ke wucewa ta gefen kunne ba abar wasa ba ce.

Daga Akra wurin da ya fi kusa shi ne yankin Akosombo, tafiyar kimanin kilomita 100 ta hanyar Tema da Kpong. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ita ta haifar da tafkin Volta mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500, ta Kpong kuma ta biyo baya a 1982, kuma tsakaninsu akwai kogi mai gudu da ke ratsa ƙarƙashin gadar Adomi. Wanda ke da kwanaki a hannu yana iya hawa sama zuwa Dambai a kan kogin Oti, ko Kete Krachi, ko Yeji inda Hausa ke shiga ko'ina a kasuwa da bakin ruwa. Gaskiyar da ba zan ɓoye ba ita ce ruwan nan ya sha taru da mamari shekara da shekaru, don haka wanda ya ji labarin giwar ruwa mai kilo 100, ko ya ga irin waɗanda ake fitarwa a bikin Argungu, kada ya ɗauka suna jiransa a bakin gaɓa. Tsagen Volta ma bai kama ƙafar ƙaton ɗan'uwansa na kogin Kongo ba. Amma tsage mai tsawon kamu ɗaya a kan sanda lamba 9 ya isa ya sa gwiwar mutum rawa.

Da ɗan gari akan ci gari, kuma a wannan harka ɗan gari shi ne mai kwalekwale. A nemi wanda ya daɗe yana su a wurin, a yi ciniki da shi na yini guda tun kafin a shiga, a bayyana masa cewa aikinsa shi ne ya riƙe jirgi a nisan jifa daga inda kifi yake, ba tare da buga filafili a jikin katako ba. Tsage yana son ruwa mai gudu, musamman inda mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, da bayan duwatsu, da bakin ƙoramar da ke zubowa cikin tafki, kuma yana farauta ne a garke, saboda haka idan aka ga ƙananan kifaye suna tsalle a firgice ko tsuntsaye suna sara a wuri ɗaya, can za a nufa. Giwar ruwa kuwa kwanton ɓauna take yi a zurfi, gindin duwatsu da kututturan itatuwan da tafki ya cinye, sai rana ta yi sanyi ta matso gefe, domin idanunta an yi su ne don gani a duhu. Lokacin da ya fi albarka shi ne daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba, a shekara kuma watannin rani bayan ruwa ya daina jan laka, domin kifin da ke farauta da ido sai ya ga ƙoto kafin ya bi shi. Farar riga mai ɗaukar ido a bar ta a gida, tun da Bahaushe ya riga ya ce kifi na ganinka mai jar koma.

Bayan jifa da ƙirga, sai a sunkuyar da bakin sanda har ya kusa taɓa ruwa, a maƙale igiya a ƙarƙashin manuniyar hannun da ke riƙe da sanda, a riƙa janyo ta da ɗayan hannun. Ga tsage ja mai sauri ake yi, kamu-kamu, da ɗan tsayawa jefi-jefi, ga giwar ruwa kuma ja mai tsawo a hankali. Igiyar da ake tarawa a ƙasan jirgi a shimfiɗa mata jiƙaƙƙen tawul ko a sa ta cikin robar wanki, a kuma cire takalmi domin ƙafa ta ji idan an taka ta. Manuniya a naɗe ta da filasta, don igiyar da kifi ya fizga tana yanka fata kamar reza.

Yanzu ga wurin da ake yin asara mafi yawa. Hannun duk wanda ya taɓa fatsa ya saba da ɗaga sanda sama da zarar ya ji kifi, kuma wannan sabon shi ne babban abokin gaban mai fatsar gashi. Sanda abu ce mai lanƙwasa, idan aka ɗaga ta sai ta shanye ƙarfin, tsinin ƙugiya ya zame a kan ƙashi. Ranar da na fara fita a ƙasan gadar Adomi, tsage biyar suka kawo mini sara kafin hantsi, kowanne ya yi tsalle sama ya girgiza kai ya tofo mini ƙotona, har na fara zargin ƙugiyar. Dattijon da ke tuƙa ni, wanda bai taɓa riƙe irin sandata ba amma ya fi shekara talatin yana cire tsage daga taru, sai ya ɗauko wani da ya kama da asuba, ya buɗe bakinsa da ɗan itace, ya ƙwanƙwasa dasashin da farce har na ji ƙara. Ya ce, "Ɗana, ka ji? Ƙashi ne zalla. Wannan bulalar taka ba za ta huda shi ba, ja shi da hannunka." Na ce, "To, Baba, na ji." Abin da ya faɗa shi ne daidai ƙa'idar: sanda tana nan a sunkuye tana kallon kifi, hannun hagu ya fizgi igiya da ƙarfi zuwa bayan ƙugu, sau ɗaya, sau biyu, har sau uku idan da hali, sai an ji nauyin kifin ya zauna sa'an nan a ɗaga sanda. Wani amfanin wannan shi ne idan kifin ya kuskure, ƙoton yana nan a gabansa bai fice daga ruwa ba, kuma sau da yawa shi ko wani daga garken zai sake kawo sara. Ko da an yi komai daidai, tsage da yawa za su kuɓuce, kuma wanda ya fitar da uku cikin goma bai yi abin kunya ba.

Da zarar ƙugiya ta kama, hankali ya koma kan igiyar da ke tare a ƙasa, domin za ta fita da gudu, kuma idan ta naɗe yatsan ƙafa ko gindin sanda, zance ya ƙare. A buɗe hannuwa nesa da juna, a bar ta ta zame ta cikin yatsu har ta ƙare kifin ya hau kwarkwaro. Idan tsage ya yi tsalle, a sunkuyar da sanda gefe, kada a bari igiya ta yi sako-sako. Giwar ruwa dabararta dabam ce, domin tana jin ƙarfe za ta nufi kututture ko ramin dutse, kuma daƙiƙoƙin farko su ke raba gardama, don haka a ɗaure birki tun kafin jifa, a kwantar da sanda gefe a ja ta da gindin sandar, mai jirgi kuma ya tuƙa zuwa sarari. Kada a ɗaga sanda tsaye sa'ad da kifi ya zo gindin jirgi, nan ne bakinta ke karyewa.

Cire ƙugiya daga bakin tsage da filaya mai dogon baki ake yi, yatsa ba ya kusantar wurin ko kifin ya yi kamar ya mutu. Wanda zai ci kifinsa ya ɗauki daidai tukunyarsa. Amma babbar giwar ruwa ina ganin a mayar da ita ya fi, domin mafi yawan manyan mata ne masu zuba ƙwai, kuma su ne suka yi ƙaranci. Idan za a saki kifi, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, a tallafi cikinsa maimakon a rataye shi ta baki, a riƙe shi cikin ruwa yana fuskantar gudun ruwan har ya fizge da kansa. Danne ƙayar ƙugiya da filaya tun a gida yana sauƙaƙa wannan, yana kuma sauƙaƙa cire ta daga kunnen mai jirgi idan tsautsayi ya gitta.

Ruwan Volta yana da nasa sharuɗɗan da ba su shafi kifi ba. Tsargiya ta yi katutu a gefen tafkin, musamman inda ruwa ke kwance da ciyayi, domin a nan dodon koɗin da ke ɗauke da ita yake, saboda haka fatsa daga cikin jirgi ko kan dutse ta fi shiga ruwa da ƙafa, ruwan alwala ma a taho da shi a jarka, wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa bayan tafiya ya nufi asibiti ya faɗi inda ya je. Kututturan da giwar ruwa ke fakewa a gindinsu su ne kuma ke fasa jirage, iskar hadari kuma tana tashi a tafkin ba sallama, don haka rigar hana nutsewa a jiki take zama, ba a ƙarƙashin benci ba. A ƙasan madatsa ruwa yakan ƙaru cikin ɗan lokaci idan aka ƙara kunna injinan wuta, dutsen da aka tsaya a kansa da safe yana iya nutsewa kafin azahar, kuma mutanen Mepe da maƙwabtansu ba su manta da ambaliyar da sakin ruwan 2023 ya jawo ba. Kusa da jikin madatsa hurumin hukumar kogin Volta ne da ba a shiga sai da izini, kejin kiwon karfasa kuma dukiyar mutane ce, a ba su tazara. A kowane ƙauye aka sauka, a fara gaida shugaban masunta, a tambaye shi ranar da ba a shiga ruwa a wurin da kuma inda aka kafa taru, kafin a warware igiya.